Ƙwaryar da Muka Je Nema a Sae Sabuwa

Ina auna wa wani ɗan Jibiya aya a rumfata ta kasuwar Agiye, tiya cike a hannuna, salula ta yi ƙara a aljihu. Na ɗauka da hagu. Muryar mace ce da ban sani ba. Ta ce, "Baba, daga likita nake kira, nan asibitin Maraɗi. Sai haƙuri." Ba ta ƙara ba, ni ma ban tambaya ba. Zazzaɓi ne ya kwantar da 'yata, uwarta tana wurinta, kuma jiyan da yamma an ce mini har ta sha kunu. Na juye tiyar a buhun mutumin, na ƙarasa masa awonsa, don ban san abin da zan yi da hannuna ba. Sai da ya ɗaure buhu ya tafi na gaya wa maƙwabcin rumfata. Shi ya rufe mini kaya.

'Yar fari ce. Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da wannan ke nufi. Ban taɓa kiran sunanta da bakina ba, kuma ba zan rubuta shi a nan ba. Tun da aka yaye ta yayata ta ɗauke ta, a ɗakinta ta girma, ita ta kai ta lakol, makarantar boko. In ta zo gaishe ni, daga nesa take durƙusawa, ni kuma in amsa ina duban wani wuri. Na san tana jami'a a Maraɗi, na san tana karatun da in an gama ake ce wa mutum lokotoro, amma ba na allura ba. Abin da take bincike a kai ban taɓa tambaya ba. Ba a yi.

Na rubuta wannan ne saboda waɗanda suka zo mana gaisuwa, daga baya suka ji an ce na rufe rumfa na bi ƙauyuka da mata biyu da akwatin ƙanƙara. Wasu sun zaci rasuwar ce ta taɓa mini hankali. Ga yadda abin ya kasance.

Bayan sadakar uku, yayata ta tafi Maraɗi da wasu mata su kwaso kayan ɗakin da yarinyar take haya. A kusurwa suka tarar da ƙaramin firigo mai aiki da hasken rana. Suna buɗewa tsami ya buge su. Cike yake da 'yan farantai na gilashi masu murfi da ƙananan kwalabe, kowanne wani abu ya tsiro a ciki, wani fari, wani kamar fumfunar tuwon da aka manta da shi. Yayata ta gargaɗi matan kada wadda ta kuskura ta faɗa a gari. Ba za a ce 'yar da ta rena ta mutu ta bar kwanuka da fumfuna ba. Ta ɗora ruwan zafi, ta samo sabulu da toka, ta wanke su ɗaya bayan ɗaya, har rubutun da ke jikinsu ta kankare. Ta shanya su a rana, ta naɗe a zane, ta kawo gida cikin kayan gado.

Bayan sadakar arba'in wata mata ta yi mana sallama. Na gane muryar, ita ce ta kira ni ranar. Abokiyar aikin yarinyar ce, tare suke a ɗakin binciken da suke kira labo. Da aka gama gaisuwa ta tambayi kayan cikin firigo. Yayata ta shiga ɗaki ta fito da ƙunshin zane, ta kwance a gabanta, gilasai suna ƙyalli.

"Ga su nan, 'yata. Ko ɗaya bai fashe ba."

Malamar ta ɗauki ɗaya ta ɗaga shi sama ta duba, ta ajiye, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Da ta samu murya ta yi mana bayani a hankali. Abin da ke cikin gilasan ba ƙazanta ba ne, shi ne aikin kansa. Wasu ƙananan halittu ne yarinyar ta shekara da shekaru tana renonsu, ta kai su ɗakinta saboda kuran, wutar lantarki, yana yawan ɗaukewa a labo. Abin da ta rubuta yana nan a na'ura. Amma akwai gwaji ɗaya da ya rage a maimaita a kan halittar tana da rai. In ba a yi shi ba, malamanta ba za su iya amincewa da aikin ba, ba zai fita da sunanta ba, zai tsaya inda ta bar shi. Wanda ya fi muhimmanci daga ƙwaryar nonon wata Bafulatana ta samo shi, wajen Sae Sabuwa. Sunan matar yana jikin gilashin da aka kankare. Akwai kuma na wata mai koko a Gazawa, wanda ake gwada wancan da shi.

Yayata ba ta yi kuka ba. Ta naɗe zanen tsaf, ta ce, "Inda ta samo su, ba can suke ba har yanzu?"

Malamar ta ce mai yiwuwa. Sai dai ita baƙuwa ce, 'yar Dosso, ba wadda za ta buɗe mata ƙwaryarta don ta ce daga jami'a take. Yayata ta dube ni. Haka na samu kaina a wannan tafiya.

Asuba ta same mu a tashar Agiye, mu uku da akwatin ƙanƙara. Mun fara da gabas, Gazawa, tun da ita ce kusa. Damina ta zauna, gero ya kai gwiwa, gonakin aya sun yi kore shar kamar an shimfiɗa tabarma. Duk rayuwata ina bin wannan gudron, titin kwalta, amma kullum kan buhuna nake, idona kan farashi. Ranar ce na lura da yawan gawon da manoma suka bari a gonaki, tsirara ba ganye alhali komai ya yi kore. Kuɗin mota ya tashi, direba ya ce esans ne, man mota ya yi tsada. Ya so ya ɗaura akwatinmu a sama tare da awaki, yayata ta ce sai dai ya ɗaura ta ita. Ta rungume shi a cinya har muka sauka.

Mai kokon ba ta yi wuyar samu ba, bayan tasha take, kowa ya san ta. Mace ce mai jiki, mai yawan magana. Da ta ji rasuwar ta ajiye ludayi ta yi salati, ta kai mu cikin gida. Ta nuna wani turmi da aka kifa.

"Nan ta zauna. Ta sha koko ta ƙara, tana dariya har maƙwabta suka leƙo. Ta ce nawa ya fi na Agiye, amma kada in yarda gwaggonta ta ji."

Yayata ta ce, "Ƙarya take, Allah ya jiƙanta." Ta juya baya tana gyara ɗankwali. Ni kuwa ban san yarinyar tana da dariyar da maƙwabta ke ji ba.

Mai koko ta buɗe randar gasara. A kan ruwan tsamin akwai farar yana, siririya. Malamar ta fito da wani tsinke mai auduga a kai, ta shafo yanar, ta sa a kwalba ta rufe. A nan ne na yi tambayar da ban taɓa yi wa mai aikin ba. Na ce, "Malama, mene ne a ciki?"

Ta ce, "Masu rai ne, Baba. Dangin yis ne na masu burodi, su da fumfuna gida ɗaya suke. Kowane ɗaya ƙwaya ce da ido ba ya gani, an kewaye ta da tantani, kamar wanda ke cikin ɓawon ƙwai. A jikin tantanin akwai 'yan ƙofofi da aka gina da furotin, ta nan abinci ke shiga, ta nan ake fitar da abin da ba a so. 'Yarku ƙofofin tsami take bincike."

Na ce, "Kamar rariya ke nan." Don ni da rariya nake raba aya da tsakuwa.

"Rariya girma kawai ta sani. Waɗannan suna gane wanda ya zo. Akwai mai shigar da tsamin nono, akwai mai shigar da na binegar. Kuma in akwai sukari a wurin, ƙwayar ba ta kula tsami, sai ta ciro ƙofar daga tantanin ta haɗiye abarta. Sai sukari ya ƙare ta sake gina wata, ta koma cin tsami."

Yayata ta ce, "Ashe kwaɗayi har can ya kai."

Mai koko ta yi dariya, ta ce shi ya sa in ta bar yanar nan ba ta kwashe ba, gasara take sanyin tsami, daga nan ta yi wari. Malamar ta ce haka ne, tsamin ne ke tsare abinci, in an cinye shi ruɓa ta samu hanya. Ta ƙara da cewa in tsami ya yi yawa ƙwarai, yakan kutsa ta jikin tantanin ko ba a buɗe masa ba, ya kashe ƙwayar, sai in tana da wasu ƙofofin masu turo shi waje. Na ƙwaryar Bafulatanar yana rayuwa cikin tsamin da ke kashe sauran. Yarinyar ta yi zaton ƙofofinsa daban ne, kuma ta kusa tabbatarwa. Wanda ya fahimci wannan, in ji malamar, zai iya taimakon masu nono da masu koko kayansu su daɗe inda babu firigo.

Ban gane duka ba. Na dai gane cewa yarinyar ta ƙare ƙuruciyarta tana duban abin da ke cikin randunan iyayenta mata.

Mai koko ta ƙi karɓar komai, ta cika mana kwano da ƙosai. Muka juyo yamma, muka ratsa Agiye ba mu sauka ba. Na hangi rumfata a rufe. A Cadawa motar ta tsaya ɗaukar kaya, 'yan talla suka rufe tagogi da dafaffen ƙwai da dambun zogale. Yayata ta sayi dambu ta ɗanɗana, ta ce ƙuli ya yi kaɗan, ta cinye. Jandarma sun tsayar da mu kafin Maraɗi, ɗayansu ya ce a buɗe akwati. Malamar ta nuna masa takardarta, ya leƙa ya ga kwalba ɗaya tal a tsakiyar ƙanƙara, ya dube mu mu uku, ya rufe, ya bar mu muka wuce.

A Maraɗi muka kwana gidan wani ɗan'uwanmu, malamar ta kai kwalbar labo. Washegari ranar kasuwar Gidan Rumji ce, kuma shawararmu ita ce mu fara da masu nono, tun da matan rugagen yankin can suke haɗuwa. Muka bi ta Tibiri. Gulbi ya kawo ruwa ja, yana tafiya a hankali, lambunan bakinsa rabi a nutse. Daga nan magana ta fara sauyawa, harshen Gobir ya yi yawa a motar, har wani dattijo ya tambaye ni ko mu Katsinawa ne. Na ce kakanninmu dai daga can suka hauro. Ya ce ai ya ji a bakinmu.

Kasuwar Gidan Rumji ta cika, amma hatsi ya yi tsada kamar yadda yake yi kowace damina kafin sabo ya fito. Na ga mata suna sayen rabin tiya. Dabbobi kuwa sun fara murmurewa, ƙashin haƙarƙari ya fara ɓuya. Masu nono suna jere ƙarƙashin wata bishiyar bedi, kowace da faifai a kan kayanta. Abin da na lura, yawancinsu ba ƙwarya ba ce a gabansu, bokitin roba ne, shuɗi ko ja. Ban ɗauki wannan a bakin komai ba a lokacin.

Yayata ce ta yi tambayar, mu muka tsaya gefe. Ta sayi fura a wurin ɗaya, ta yaba nonon wata, ta yi wa ta uku tsiya cewa ta tsula ruwa. Sannan ta ce tana neman wadda wata 'yar lakol ta taɓa zuwa rugarsu da tsinke mai auduga. Suka dubi juna, suka yi magana da Fulatanci. Wata mai ƙuruciya ta ce ta san zancen, an daɗe ana dariyarsa: yarinyar da ta zo daga birni ba ta sayi nono ba, ta roƙi a bar ta ta shafi ƙwarya. Tsohuwar tana nan, rugarsu arewa da Sae Sabuwa, amma ta daina zuwa kasuwa saboda ciwon gwiwa. Ta kwatanta mana, ta ce mu yi sauri, kada la'asar ta same mu a daji.

Muka koma baya ta wajen Tibiri, muka sauka daga gudron. 'Yan kabu-kabu masu babur suka ɗauke mu a moto uku. Yayata ta shekara ba ta hau moto ba, ta riƙe rigar mai tuƙin har ya ce, "Inna, numfashi zan yi." Hanyar yashi ce da ruwa ya zaizaye, gonaki dama da hagu, mutane sun duƙa suna maimai. A Sae Sabuwa masu moton suka ce iyakarsu ke nan, gaba akwai fadama ta cika. Wani manomi mai amalanken jaki da zai kai taki ya ce mu hau. Jakin bai san sauri ba. Muka bi burtali, shinge na ƙaya a kowane gefe don kada shanu su shiga shuka. Manomin ya ce bana an zauna lafiya da mutanen rugar, sun kwana a gonarsa da rani sun bar masa taki, shi ya sa geronsa ya fi na maƙwabci duhu.

Bukkoki kaɗan ne a kan wani tudu. Maza sun fita da shanu, 'yan maruƙa ne kawai a ɗaure. Tsohuwar tana zaune a inuwa, ƙafafu a miƙe, siririya, idonta ɗaya ya yi fari. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo nono. Tana jin Hausa sosai, sai dai tana jan ta a hankali. Da malamar ta buɗe jaka, tsohuwar ta hangi tsinkayen auduga, fuskarta ta washe.

"Ina mai tsinken? Ta ce da damina za ta dawo. Ga damina."

Malamar ta sunkuyar da kai. Na dubi yayata, wadda tun safe bakinta bai huta ba, na ga ba za ta iya ba. Na ce, "Inna, Allah ya yi mata rasuwa da bazara."

Ta yi salati da Fulatanci da Hausa. Sannan ta juyo da idonta mai gani wajena.

"Kai wane ne nata?"

Ban amsa ba. Yayata ta ce, "Ta fari ce."

Tsohuwar ta sunkuyar da kai. Su Fulani sun fi mu riƙon wannan kunya. Ba ta sake tambayata komai a kan yarinyar ba, kuma duk zaman da muka yi ba ta kira sunanta ba, ko da yake na ga alama ta san shi.

Malamar ta gaya mata abin da ya kawo mu. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, ta girgiza kai. Ta ce bazarar bana ta yi musu tsanani, shanu suka ƙafe ƙaf, ba ko ɗigon da za a zuba. Irin nonon da take ɗiba daga na jiya ta sa a na yau, wanda ta taso da shi tun daga ɗakin uwarta, ya yanke. Da ruwa ya sauka shanu suka kawo, wurin surukarta ta aro wani. Ƙwaryar kuma ta faɗo daga kan jaki ranar da suka yi ƙaura, ta tsage a baki. Yanzu a bokiti take zubawa, jikarta tana wanke shi da sabulu kowace safiya.

Malamar ta shafi bokitin duk da haka, ta rufe kwalba. Hannunta yana aiki, amma na ga fuskarta irin ta ranar da aka kwance mata zane. Ta tambayi ƙwaryar. Tsohuwar ta ce tana rataye a bukka, ta wanke ta tas, ta bushe tun bazara.

Na fara tunanin yadda za mu koma kafin la'asar. Yayata ta ce, "A kawo in gani."

Babbar ƙwarya ce, ta yi ja saboda tsufa, an yi mata zane a baya. Ga sabuwar tsaga a baki. Amma daga ɗaya gefen akwai tsohon ɗinki da ya gangara har gindi, zaren ya yi baƙi, ya kumbura, ya zama kamar jikin ƙwaryar. Yayata ta bi shi da farce, ta kai hanci ta shinshina. Ta miƙa wa malamar.

"Ni na san wanki, 'yata. Ba ya shiga ɗinki."

Malamar ta shinshina ita ma. Ta ce ba za ta yi mana alkawari ba. Zafin bazara ya bi ta kansa, wataƙila duk sun mutu, amma wasunsu kan jure bushewa. Shafa da auduga ba zai isa ba, sai an yanko zaren kansa. Tsohuwar ta karɓi ƙwaryar ta ɗora a cinya. Ta ce uwarta ce ta yi wannan ɗinkin, da ƙwaryar aka kawo ta gidan miji, kuma ta yi niyyar gyara bakin ta ba jikarta. In an taɓa tsohon ɗinkin, ramukan sun ci, ba za su sake riƙe zare ba.

Ba wanda ya roƙe ta. Ba abin roƙo ba ne. Muka zauna, maruƙa suna kuka, hadari yana haɗuwa a gabas.

Can ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba, "In ba ku samu ba, me zai same ta?"

Na ce, "Ita ba abin da zai same ta, tana wurin Ubangijinta. Aikinta ne zai tsaya."

Ta daɗe tana shafa ɗinkin da babban yatsa. Sannan ta ce a ba ta wuƙa. Malamar ta roƙa a fara gasa bakin wuƙar a wuta, aka gasa, aka bari ta huce. Tsohuwar da hannunta ta yanke, daga gindi inda nono ya fi kwanciya, tsawon yatsa. Muna ji ƙwaryar ta yi 'yar ƙara ta saki. Malamar ta tara kwalba, zaren ya faɗa ciki.

Tsohuwar ta kife ƙwaryar a gefenta. Ta ce, "Yarinyar ta gaya mini akwai masu rai a cikin nan, tun zamanin uwata muke tare ban taɓa ganinsu ba. Na ce ƙarya ne. Ta ce za ta zo da madubin da ake ganinsu, in duba da idona. Ku kawo shi kafin wannan ma ya rufe."

Malamar ta ce in Allah ya yarda. Ni ma na ce haka.

Ruwa ya kama mu a kan amalanke. Yayata ta cire mayafinta ta lulluɓe akwatin ƙanƙara, alhali roba ne, ruwa ba ya yi masa komai. Ba wanda ya gaya mata. Mun isa Maraɗi da magariba a jiƙe, malamar ta wuce labo kai tsaye. Da safe ta rako mu tasha, ta durƙusa ta yi mana sallama kamar yadda 'ya take yi. Yayata ta ce mata ta zo Agiye ta sha koko na gaskiya. Muka shigo gida da hantsi, na buɗe rumfa washegari.

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa, kuma ban iya tsara shi ba. Na ga mata biyu da ba su haɗa komai da mu ba, ɗaya ta buɗe randarta, ɗaya ta yanke ɗinkin uwarta, saboda yarinyar da ta zauna da su sau ɗaya ta ɗauki aikinsu da daraja. Na gane ba duk abin da ya tsiro a kan abinci ne ƙazanta ba; yayata yanzu takan tsaya ta dubi yanar gasararta kafin ta kwashe. Kuma a bakin baƙi na san 'yata, muryarta da dariyarta da irin alkawarin da take yi. Ban ce kunyar da iyayenmu suka bar mana kuskure ce ba. Ita ma da ita ta girma, kuma ta riƙe ta. Na dai ce da na yi tambaya, da akwai amsa.

Malamar ta kira ni makon jiya. Na Gazawa ya tsiro da kyau. Na bokiti ya tsiro, amma irin wanda ake samu ko'ina ne. Zaren ya daɗe bai nuna komai ba, har ta fid da rai, sai ga wasu 'yan ɗigo farare iri biyu sun fito a gefensa. Ta raba su, tana renonsu, ta ajiye a wuri biyu. Ko ɗayansu shi ne na yarinyar, ba za a sani ba sai an sa su cikin tsami an ga wanda ya rayu, an kuma duba ƙofofinsa, kuma kayan gwajin da ta aika a sayo ba su iso ba.

Har yau ba mu san ko shi ne ba. Madubin ma ba mu kai wa tsohuwar ba tukuna.